Chandelle da bougie: ƙamus ya ce duka kyandir ne, amma ba ɗaya suke ba

Tambaya: Malam, ina karatun Faransanci, kuma an ba mu littafin Balzac mai suna Eugénie Grandet. Akwai wurin da yarinyar ta ce wa mahaifiyarta ɗan baffanta da ya zo daga Faris ba zai iya jure warin "chandelle" ba, gara a sayo masa "bougie". Da mahaifinta ya gano an saya sai ya hau faɗa. Na duba ƙamus na tarar duka biyun kyandir ne. To mene ne abin faɗa a ciki? Sannan ita "chandelle" har yanzu ana faɗinta, ko ta mutu?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya gajarce miki labari. A zamanin da Balzac yake magana a kai, wato 1819, "chandelle" kyandir ne da aka yi da kitsen dabba, "bougie" kuwa kyandir ne na kakin zuma. Na farko shi ne hasken talaka da ɗakin girki da shagon mai sana'a. Na biyu na fada ne da gidajen masu hannu da shuni. Akwai kalma ta uku da za ki riƙa cin karo da ita, "cierge", wato dogon kyandir ɗin kaki da ake kunnawa a coci. Duka ukun wuta ce a kan lagwani, amma Bafaranshen wancan lokaci da ya ji wace kalma aka faɗa ya san irin gidan da ake magana a kai, da abin da ke aljihun maigidan. Ana furta ta farko "shandel", ta biyu "buji", kuma duka biyun jinsin mace ne a Faransanci.

Kafin mu koma gidan Grandet, ya kamata ki san yadda ake yin abin, domin duk nauyin kalmar daga nan ya fito.

Mai yin chandelle, wanda ake kira "chandelier", daga hannun mahauta yake sayen kayan aikinsa. Kitsen tumaki da na shanu ake so, musamman mai taurin nan da ke kewaye da ƙoda. A yayyanka shi, a narka a babbar tukunya, a tace a fitar da tsoka da jijiya, abin da ya rage shi ne kakide, wanda Faransawa ke kira "suif". Littattafan kasuwanci na ƙarni na 18 sun ce chandelle mai kyau rabi kitsen tumaki ne rabi na shanu: na tumaki yana ba da tauri da fari, na shanu yana hana shi tsattsagewa. Dokar sana'ar ta hana a cuɗa kitsen alade, domin yana sa kyandir ɗin ya yi ta zuba, ya yi baƙin hayaƙi da mugun wari. Sana'a ce tsohuwa mai tsari. Tana cikin kundin dokokin sana'o'in Faris da Étienne Boileau ya tattara wajen 1268, zamanin Sarki Louis na 9. Masu aikin kaki kuwa ƙungiyarsu dabam, sunansu dabam, "ciriers". Mai kitse ba ya shiga hurumin mai kaki.

Hanya biyu ake bi. Tsohuwar ita ce tsomawa. A ɗaura lagwani da yawa a jikin sanda suna reto, a tsoma su cikin wani dogon akwatin katako cike da narkakken kitse, a ɗaga, a rataye su sha iska, kitsen ya daskare a jikinsu kamar yadda man miya ke daskarewa a bakin kwano idan ta huce. Sai a sake tsomawa, a sake ratayewa, ana yi yana ƙara kauri, har ya kai girman da ake so. Aikin na son sanyi, shi ya sa ba a cika yin sa a tsakiyar zafi ba. Hanya ta biyu ita ce zubi: a ja lagwani ta tsakiyar wani bututu na kuza ko dalma, a zuba kitse, ya huce a zare. Na zubi ya fi santsi da kyan gani, ya kuma fi tsada kaɗan. Da nauyi ake sayar da su, kuma sunansu daga nan yake fitowa. Idan kin ga an rubuta chandelle "ta shida" ko "ta takwas" ko "ta goma sha biyu", ana nufin guda nawa ne ke cika "livre" ɗaya, ma'aunin da a Faris ya kai giram 489. Iya yawan adadin, iya sirantar kyandir ɗin, iya kuma talaucin mai sayensa.

Yanzu ga abin da zama da shi yake nufi. Kitse yana narkewa ne a wajen digiri 40 zuwa 45, kakin zuma kuwa sai ya kai 62 zuwa 64. Wannan 'yar tazarar ita ce tushen duk wahalar. Abin da ke ci a kyandir ba daskararren jikinsa ba ne. Zafin wuta ke narka saman, lagwani ya tsotso ruwan ya hau da shi, ya zama tururi, tururin ne ke kamawa. Tun da kitse na saurin narkewa, ruwan da ke taruwa a gindin wutar yakan fi ƙarfin siririn lagwani, sai ya malalo ta gefe. Dole a sa lagwani mai kauri na murɗaɗɗen zaren auduga don ya shanye shi. Shi kuma kakkauran lagwani a miƙe yake tsayawa a tsakiyar harshen wuta, inda iska ba ta isa, saboda haka ba ya cinyewa. Yana ta tsawo yana baƙi, kansa ya yi dunƙulen gawayi, haske ya dusashe, hayaƙi ya turnuƙe. In an ƙyale shi sai ya lanƙwaso ya taɓa gefen kyandir ɗin, ya buɗe hanya, kitsen ya tsiyaye a banza. Don haka kowane ɗan lokaci sai an tashi an datse kan lagwanin. Wannan aikin shi ake kira "moucher", kalmar da ake faɗa wa fyace hanci, kuma yana da almakashinsa na musamman, "mouchettes", mai ɗan akwati a baki da ke kama guntun gawayin don kada ya faɗi ya ƙona shimfiɗa. Gwaninta ita ce a datse ba tare da an kashe wutar ba. Wanda ke karatu ko ɗinki da chandelle ba ya samun rabin sa'a cur hankalinsa na kan aikinsa.

Sai wari. Ko da an tace shi da kyau, kitse yana da sinadarin gilisarin a cikinsa, wanda idan ya ƙone yake fitar da ƙauri mai yaji da ke shiga ido da maƙoshi. In kuwa kitsen ya kwana biyu kafin a narka, ko ba a tace shi sosai ba, to ga hamami a kai. Yana maiƙo a hannu, yana ɓata tufa da takarda, yana laushi ya tanƙware idan ɗaki ya yi zafi. Ɓeraye ma suna cinsa, tun da abinci ne, shi ya sa ake ɓoye shi a akwati mai murfi ko a rataye shi sama. Wannan ne warin da Eugénie take jin kunyar ɗan birni ya shaƙa.

Kyandir ɗin kaki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Siririn lagwani ya ishe shi, ba ya yawan neman datsa, haskensa tas, ƙanshinsa na zuma. Matsalarsa ɗaya ce: kudan zuma ba ya yin kaki da yawa, ga coci tana shanye kaso mai tsoka, domin dokar cocin Katolika ta lokacin ta ce kyandir ɗin bagadi na kakin zuma ne. Kuɗinsa ya ninka na kitse ninki-ninki. Turai ba ta iya wadatar da kanta ba, sai da ta riƙa sayowa daga waje, kuma a nan ne sunan ya samo asali. "Bougie" sunan gari ne: Bijaya, birnin da ke bakin tekun Bahar Rum a Aljeriya ta yau. Sarkin daular Banu Hammad, an-Nasir, ya gina shi wajen 1067, ya zama tashar jiragen ruwa da fataken Pisa da Jenowa da Marsel ke zuwa sayen fata da ulu da kakin da ake saukowa da shi daga duwatsun Kabiliya. A wannan gari ne yaron nan ɗan Pisa, Fibonacci, ya koyi lissafi da alƙaluman Larabawa lokacin da mahaifinsa ke aikin kwastan a can, kuma a nan Ibn Khaldun ya riƙe muƙamin hajibi, wato babban wazirin sarki, a 1365. Faransawa suna kiran garin Bougie, suka ci gaba da kiransa haka har Aljeriya ta sami 'yanci a 1962. Tun wajen 1300 ana rubuta "chandelle ta Bougie", wato kyandir na kakin Bijaya, sannu a hankali aka yar da kalmar farko, sunan garin ya tsaya shi kaɗai. Ki lura da abin da wannan ke nunawa: da can "chandelle" ita ce uwa, sunan kowane irin kyandir. Bayan "bougie" da "cierge" sun kwashe na kaki, sai aka bar ta da na kitse kawai.

To mu koma garin Saumur, inda labarin ke faruwa, gidan tsoho Grandet, mahaifin Eugénie. Mutumin nan ya fi kowa kuɗi a yankin, amma da hannunsa yake ƙirga wa 'yarsa da 'yar aikin gidan, Nanon, chandelle ɗin da za su kunna, kamar yadda yake auna musu burodi da safe. Idan zai gyara matakalar bene, ɗaukar kyandir ɗin yake ya bar matarsa da 'yarsa da hasken murhu. Mai kuɗi irinsa a Faris da bougie zai haskaka falonsa. Shi ya zaɓi zaman talaka, kuma Balzac bai tsaya yi mana dogon bayani ba, ya bar kalmar ta yi aikin. Da Charles, ɗan baffan Eugénie, ya iso da tufafin gayu da akwatunan birni, Eugénie ta fara ganin gidansu da idon baƙo. A ranar ta fara jin warin da ta tashi a cikinsa. Ta ɗauko kuɗin kashewarta na wata, faran biyar, ta ba Nanon ta sayo bougie da sukari. Wannan shi ne karon farko da ta yi wani abu a bayan idon mahaifinta, kuma so ne ya sa ta. Akwai wani ɗan abu da nake so ki koma ki duba, domin yana nuna yadda marubucin ya san kayansa: bougie ɗin da Nanon ta samo ya daɗe a kanti har ya yi rawaya, ya yi kama da chandelle, shi ya sa a daren farko Grandet bai gane ba. Sai daga baya, da ya hau ɗakin yaron, ya lura. Faɗan da ya yi kuwa bai tsaya a kan kuɗin kyandir guda ba. Ya gane cewa matan gidan sun fara kashe kuɗi ba da izininsa ba, kuma saboda wani. Wanda ya fassara kalmomin biyu da "kyandir" kawai ya shafe wannan duka, ya bar mai karatu da tsoho mai faɗa a kan abin da ba a gani ba. In ni ne, "kyandir ɗin kitse" da "kyandir ɗin kakin zuma" zan rubuta, ko da jimlar ta ɗan yi tsawo.

Asalin kalmar ba shi da wuya. Daga Latin take, "candela", ita kuma daga "candere", yin haske fari fat. Faransanci yana da halin mai da "ka" ta Latin ta zama "sha", yadda "cantare" ta zama "chanter", "campus" ta zama "champ", haka "candela" ta zama "chandelle", kuma tana cikin rubuce-rubuce tun ƙarni na 12. Ingilishi ya ari tasa kai tsaye daga Latin, shi ya sa ya riƙe "ka" ɗin, daga gare shi kuma "kyandir" ta shigo Hausa. "Ƙindil" ta Larabci ma daga wannan tushen take. Daga "chandelle" aka sami "chandelier", mai yin kyandir da kuma abin ɗora shi, da "Chandeleur", bikin Kiristoci na 2 ga Fabrairu da ake sa wa kyandirori albarka. Masana kimiyya sun koma wa kalmar Latin ɗin kanta a 1948, suka sa wa ma'aunin ƙarfin haske suna "candela".

Kada ki ɗauka chandelle a bukkar talaka kaɗai ta tsaya. Da ita aka fara haskaka titunan Faris. A 1667 Sarki Louis na 14 ya naɗa La Reynie shugaban 'yan sandan birnin, shi kuma ya sa aka rataye fitilun gilashi fiye da 2,700 a kan tituna, kowace da chandelle a ciki, ana sauke su da igiya a kunna da magariba. Haka aka yi ta yi kusan shekara ɗari kafin fitilun mai masu madubi su karɓe su a shekarun 1760. Gidajen wasan kwaikwayo na zamanin Molière ma da ita suke aiki, kuma akwai ma'aikaci na musamman, "moucheur", wanda aikinsa shi ne ya fito tsakanin fitowa da fitowa ya datse lagwanin kyandirorin dandamali.

Abin da ya kashe chandelle kimiyya ce, kuma a hannun Bafaranshe. Michel-Eugène Chevreul, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1889, ya shafe shekaru yana binciken kitse, ya fitar da littafinsa a 1823. Ya nuna cewa kitse haɗi ne na gilisarin da wasu sinadarai masu maiƙo, wasu masu ruwa wasu masu tauri. In aka raba su, aka cire gilisarin mai ƙauri, aka matse mai ruwan, abin da ya rage fari ne, mai tauri, ba ya narkewa sai wajen digiri 70. Shi ne sitiyarin. A 1825 shi da Gay-Lussac suka yi rajistar hanyar yin kyandir da shi, amma kasuwancin bai yi ba saboda tsadar aikin. A wannan shekarar ce kuma Cambacérès ya fito da kitsattsen lagwani, wanda ke lanƙwasawa da kansa ya kai bakinsa gefen harshen wuta inda iska take, ya cinye ya zama toka. Wannan ƙaramar dabara ita ta aika almakashin datse lagwani gidan tarihi, kuma ita ce dalilin da ya sa ke ba ki taɓa buƙatarsa ba. A 1831 de Milly da Motard suka gano yadda za a yi aikin da farar ƙasa cikin araha, suka buɗe masana'anta kusa da ƙofar Étoile a Faris. Sabon kyandir ɗin daga kitsen mahauta aka yi shi, daidai da tsohon. Bisa asali "chandelle" ya kamata a kira shi. Amma fari ne, ba ya wari, ba ya zuba, kuma ba mai sayarwar da zai so a haɗa kayansa da sunan abin da mutane suka gaji da shi. Sai aka kira shi "bougie". Da kakin farafin na man fetur ya shigo daga shekarun 1850, shi ma wannan sunan ya gada. Cikin ƙarni guda kalmar masu kuɗi ta zama ta kowa, har ta kai ga fulogin mota ma "bougie" ake ce masa.

Chandelle kuwa abin ya tafi, sunan ya zauna, kuma inda ya fi zama daram shi ne cikin karin magana. A nan za ki fi jin ta a bakin mutane yau, kuma kowace ɗaya sai kin tuna da kitse da tsadar haske kafin ta buɗe miki.

Wadda ta fi yawo ita ce "le jeu n'en vaut pas la chandelle", wato wasan bai kai kuɗin kyandir ɗinsa ba. Masu karta da caca da dare sukan bar wa mai gida wani abu na hasken da suka ƙona. Idan abin da ake ci a wasan bai kai wannan ba, zaman ya zama asara. Tana cikin rubutun Montaigne tun ƙarni na 16. Ma'anarta daidai take da kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ki lura ba a ce "bougie" ba. Ƙarfin maganar yana cikin cewa ko mafi arhar haske ma wasan bai biya ba. Ana kuma juya ta a ce "le jeu en vaut la chandelle" idan abu ya cancanci wahalarsa, kuma 'yan jarida na yawan yin haka.

Ta biyu, "des économies de bouts de chandelle", tattalin guntayen kyandir. A manyan gidaje barori kan tara guntayen da suka rage su sayar wa mai narkawa. Maigidan da ya sa ido har a kan wannan, ya kai maƙura a ƙwauro. Yau ana faɗinta ga gwamnati ko kamfanin da ya bar manyan ɓarna ya koma yanke ƙananan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba. Wannan ita ce maganar da ta fi dacewa da Grandet.

Ta uku, "brûler la chandelle par les deux bouts", kunna kyandir ta kai da gindi. Tana cikin ƙamus ɗin Faransanci da Ingilishi na Cotgrave na 1611, kuma daga Faransanci Turawan Ingila suka are ta. Ma'anarta ta farko almubazzaranci da dukiya ce. Daga baya ta haɗa da wanda ke cin lafiyarsa, dare yawo rana aiki.

Sauran a taƙaice. "Devoir une fière chandelle à quelqu'un" shi ne wani ya fitar da kai daga babban hatsari, daga al'adar Katolika ta kunna kyandir a coci don godiya bayan an tsira. "Tenir la chandelle" shi ne zama na uku tsakanin masoya biyu, kana riƙe musu haske ba ka da rabo. "Voir trente-six chandelles" shi ne a sha bugu a kai har a ga wuta. Akwai kuma gwanjon da ake kira "vente à la chandelle" ko "à la bougie", wanda wasu lauyoyin rajistar kadarori a Faransa ke yi har yanzu wajen sayar da gida: a kunna 'yan ƙananan kyandirori ɗaya bayan ɗaya, idan na ƙarshe ya mutu ba wanda ya ƙara tayi, an sallama wa mai tayin ƙarshe. A duk waɗannan, ban da gwanjon, ba a musanya kalmar. Wanda ya ce wasa bai kai "bougie" ba, an san baƙon harshen ne.

Siffar abin, dogo a tsaye, ta ba kalmar wasu ayyukan. Jirgin sama da ya cilla sama a miƙe an ce ya tashi "en chandelle". Haka ƙwallon da aka doka ta yi sama sosai a wasan zari-ruga ko tanis. Makaniki na kiran ƙarfen da yake tokare mota da shi bayan ya ɗaga ta da jak "chandelle". Mai motsa jiki da ya kwanta a kan kafaɗunsa ya miƙe ƙafafu sama yana yin "chandelle". A maganar gida, har majinar da ta zubo daga hancin yaro haka ake ce mata.

Abin da ya fi ruɗa ɗalibai, kuma shi ne dalilin da ya sa na ja amsar nan da tsawo, shi ne kalmar ta juya. Tun da ba wanda ya ƙara shaƙar warin kitse, abin da ya rage a jikin "chandelle" shi ne tsufanta, tsufa kuwa a kunnen mutanen yau ado ne. Gidan abinci mai tsada a Faris zai tallata "dîner aux chandelles", cin abincin dare a hasken kyandir, na masoya. Abin da ke kan teburin bougie ne na farafin, amma "chandelle" ta fi daɗin ji, ta fi kama da waƙa. Ɗalibin da ya fara sanin kalmar ta wannan hanya, idan ya je ga Balzac ko Molière sai ya karanta ta a juye, ya ga ƙawa a inda marubuci ya sa talauci ko rowa. Na fi damuwa da wannan kuskuren fiye da na wanda bai san kalmar ba sam, domin shi wancan zai tsaya ya tambaya, wannan kuwa wucewa zai yi yana ganin ya gane.

Saboda haka ki riƙa duba shekarar rubutu, da shekarar da labarin ke faruwa a ciki. Kafin wajen 1830, chandelle kitse ce, bougie kakin zuma, kuma bambancin na matsayi ne. Daga 1830 zuwa ƙarshen ƙarnin, bougie na iya zama na sitiyarin, chandelle kuma tana nan a ƙauye da ɗakunan haya na matalauta, don haka ganinta a labarin wannan lokaci ya fi nuna talauci fiye da da. A rubutun yau, in ba cikin karin magana ba, marubuci ya zaɓe ta ne don ƙanshin da. Wurin ma yana da tasiri: a Kebek ta Kanada "chandelle" ba ta tsufa ba, ita ce kalmar yau da kullum, har kyandirorin da ake sokawa a kek ɗin ranar haihuwa. A Faransa kuwa, in kin shiga kanti ko wuta ta ɗauke kina neman abin kunnawa, "bougie" za ki ce.